Ƙwallon Ragar Mata: Yadda Ake Renon Ƙungiyar Ƙasa, da Abin da Ya Hana Tamu Zuwa Olamfik

Ranar 11 ga Agustan 2024, a wasan ƙarshe na ƙwallon ragar mata a gasar Olamfik ta birnin Paris, Italiya ta doke Amurka da ci uku da nema, ta ɗauki lambar zinare karo na farko a tarihinta. Duk ɗan Najeriyar da ya kalli wasan da natsuwa ya ga wani abu da ya fi sakamakon tsaya masa a rai. A ɓangaren Italiya akwai Paola Egonu, wadda aka haifa a garin Cittadella a 1998, iyayenta kuma 'yan Najeriya ne, ita ce ma aka zaɓa gwarzuwar gasar. A ɗaya gefen ragar akwai Chiaka Ogbogu, ita ma ɗiyar 'yan Najeriya, wadda ta riga ta ci zinare da Amurka a Tokyo tare da Foluke Akinradewo. Ɗiyanmu sun hau dandamalin karɓar lambar yabo sanye da rigunan wasu ƙasashe, alhali ƙungiyar matan Najeriya ba ta taɓa taka filin Olamfik ba tun da aka shigar da wasan cikin gasar a 1964.

Wannan kaɗai ya isa ya kawar da zancen cewa ba mu da masu tsawo ko masu ƙarfin tsalle. Abin da nake son nunawa shi ne, a wannan wasa ba a tara ƙungiyar ƙasa kamar yadda ake tara 'yan gayya ranar noma, renonta ake yi shekara da shekaru, kuma tsarin gasannin duniya yana ƙara danne duk ƙasar da ba ta yawan buga wasa. Kafin a gane dalili, dole a fara da yadda wasan kansa yake.

Filin ƙwallon raga tsawonsa mita 18 ne, faɗinsa mita 9, an raba shi biyu da raga mai tsayin mita 2.24 ga mata. Kowane ɓangare yana da 'yan wasa shida, uku a gaba, uku a baya. Ana buga wasan zagaye-zagaye, wanda zan kira turmi, aron bakin 'yan dambe: wadda ta fara kai maki 25 da ratar aƙalla maki biyu ta ci turmin, wadda ta ci turmi uku ta ci wasan, idan kuma aka yi biyu da biyu sai a yi turmi na biyar zuwa maki 15. Ba a kama ƙwallo, ba a riƙe ta, kuma ɓangare ɗaya ba ya taɓa ta fiye da sau uku kafin ya mayar da ita. Dokar da ta fi kowace tasiri ita ce, in ban da bayan tare duka a bakin raga, mutum ɗaya ba ya taɓa ƙwallo sau biyu a jere. A ƙwallon ƙafa gwani yana iya yanke mutum uku shi kaɗai ya jefa ƙwallo a raga. A nan kuwa, komai gwanintar Egonu, ba za ta yi duka ba sai wata ta karɓi sabis, wato bugun da abokan hamayya ke fara wasa da shi, da kyau, wata kuma ta ɗaga mata.

Wadda ke ɗagawar ita ake kira seta, kuma ita ce ƙwaƙwalwar ƙungiya. A cikin ƙiftawar ido take yanke shawarar wa za ta ba, a wane tsayi, da wane sauri, tana kuma lura da inda dogayen abokan hamayya suka kafa katanga da hannuwansu. A salon duka mai sauri na tsakiyar raga, mai dukan tana tashi sama ne tun kafin ƙwallon ta bar yatsun seta, ta amince cewa za ta same ta daidai inda hannunta zai sauka. Idan aka samu saɓanin ɗan taƙi, ko dai ta daki iska ko ta maka ƙwallon cikin raga. Irin wannan sabo ba ya samuwa da bayani a kan allo, sai an maimaita abu ɗaya sau dubbai tsakanin mutum biyun nan har jikinsu ya haddace juna. Ga kuma dokar juyawa: duk lokacin da ƙungiya ta ƙwato sabis, 'yan wasanta suna matsawa gurbi ɗaya, saboda haka tsarin tsayuwa iri shida ne, kowanne da lagonsa, kowanne kuma sai an koye shi tare. Tun 1998 aka ƙara gurbin libero, mai riga daban, wadda aikinta karɓar sabis da tsamo ƙwallo daga ƙasa, kuma sau da yawa ita ce mafi gajarta a filin.

Tailan ta nuna ƙarfin wannan sabo fiye da kowa. Matanta ba su kai na Sin ko na Turai tsawo ba, amma wani rukuni nasu, ciki har da seta Nootsara Tomkom, ya yi fiye da shekara goma yana wasa tare tun ƙuruciya, har suka ci kofin nahiyar Asiya a 2009 da 2013, a nahiyar da Sin da Japan da Koriya ta Kudu suke. Sauri da fahimtar juna ne suka cike musu gurbin tsawo.

Sai batun matakan gasa, wanda a nan ne lissafin ke rikita mutane da yawa. Hukumar wasan ta duniya, FIVB, an kafa ta a Paris a 1947, hedikwatarta kuma yanzu tana Lausanne ta ƙasar Siwizalan. A ƙarƙashinta akwai hukumomin nahiyoyi biyar, tamu ita ce CAVB. Ƙololuwar gasa ita ce Olamfik, inda ƙasashe 12 kacal ke samun gurbi. Sai gasar cin kofin duniya, wadda mata suka fara a Mosko a 1952. A 2025 aka faɗaɗa ta zuwa ƙasashe 32, aka kuma mayar da ita duk shekara biyu, kuma a waccan shekarar Italiya ta doke Turkiyya a wasan ƙarshe a Bangkok. Ƙasashe ukun farko a gasar kowace nahiya sun samu gurbi kai tsaye, abin da ya kai Kenya da Masar da Kamaru can. Sannan akwai gasar shekara-shekara ta manyan ƙasashe, wadda aka fi sani da VNL, da aka fara a 2018, inda kowace ƙungiya ke buga wasa 12 a zagayen farko kaɗai.

Abin da ya ɗaure waɗannan gasanni wuri ɗaya shi ne jadawalin martaba na duniya. Tun 2020 ake sabunta shi bayan kowane wasa, kuma makin da ƙasa ke samu ko take rasawa ya danganta da ƙarfin wadda ta kara da ita da nauyin gasar. Doke babbar ƙasa yana kawo maki mai yawa, doke ƙarama kuwa ɗan kaɗan yake kawowa. A nan matsalar Afirka take. Babu ƙungiyar matan Afirka da ta taɓa shiga VNL, saboda haka yayin da Burazil ko Poland ke karawa da manyan duniya sau goma sha biyu ko fiye a kowace shekara, ƙasa irin tamu tana jiran gasar nahiya da ba ta zuwa kowace shekara, inda za ta buga wasanni ƙalilan da maƙwabtan da su ma makinsu bai taka kara ya karya ba. Rashin maki yana hana gurbi a manyan gasa, rashin gurbin yana hana maki, kuma ya hana abin da ya fi maki muhimmanci, wato sabawa da saurin ƙwallon manyan 'yan wasa. Wadda ba ta taɓa karɓar sabis irin na Melissa Vargas ta Turkiyya ba, ba za ta fara koyon karɓarsa ranar gasa ba.

Kenya ce madubin da ya kamata mu duba, domin ta nuna iyakar abin da ake iya yi a Afirka da kuma inda bango yake. Ƙungiyarta, Malkia Strikers, ta ci kofin Afirka karo na goma a Yawunde a 2023, ta kuma wakilci nahiyar a Olamfik a 2000 da 2004 da Tokyo da Paris. Aljeriya ce ta je a 2008 da 2012, Kamaru kuma, wadda ta ci kofin Afirka sau uku a jere a 2017 da 2019 da 2021, ta je Rio a 2016. Duk da wannan tarihi, a Paris Kenya ta haɗu da Burazil da Poland da Japan, ba ta ci ko turmi ɗaya ba. Ban ɗauki wannan a matsayin abin kunya ba, shaida ce ta ratar da ƙarancin wasa ke haifarwa. Hujjata ita ce, a lokacin da tsohuwar gasar Grand Prix take da rukunin ƙananan ƙasashe, Kenya tana samun wasanni a kai a kai, har ta ci rukuni na uku a 2015 bayan ta doke Peru a Canberra ta Ostireliya. Da aka rufe waccan gasa bayan 2017, ƙofar ta ƙuntata.

Amma me ya ɗora Kenya a saman Afirka tun farko? Makarantun sakandaren 'yan mata irin su Lugulu da Kwanthanze sun mayar da wasan al'adarsu, suna fafatawa a gasar makarantu duk shekara. Daga nan ƙungiyoyin ma'aikatu, wato na hukumar gidajen yari da kamfanin bututun mai da bankin KCB, suke ɗaukar waɗanda suka yi fice su ba su aiki da albashi. Kocin ƙasa idan ya tashi kiran 'yan wasa, yana ɗebo su ne daga ƙungiyoyi biyu ko uku da suka riga suka san juna.

Wannan tsari ba Kenya ta ƙirƙiro shi ba, kusan duk ƙasar da ta yi suna a wasan ta bi ta irinsa. Matan Japan da suka ci zinaren farko a Tokyo a 1964, bayan sun doke Tarayyar Sobiyet, akasarinsu ma'aikatan masaƙa ɗaya ne, ta kamfanin Nichibo da ke Kaizuka kusa da Osaka. Suna aiki da rana, sannan su yi atisaye har dare ya raba a hannun kocinsu Hirobumi Daimatsu. Tsananin horonsa ya wuce abin da zan yarda a yi wa ɗiyar kowa a yau, amma abin lura shi ne ƙungiyar ƙasa da ƙungiyar masaƙa kusan abu ɗaya ne, suna kwana suna tashi tare. Kyuba, tsibirin da mutanensa ba su wuce miliyan 11 da ɗoriya ba a lokacin, ta ci zinare sau uku a jere a 1992 da 1996 da 2000, domin tana da makarantun wasanni na kwana da ke zaƙulo yara tun suna ƙanana. Daga irinsu aka samu Regla Torres da Mireya Luis, wadda tsawonta mita 1.75 ne kawai amma tsallenta ya gagari dogaye. Da tattalin arziƙi ya matsa, 'yan wasa suka riƙa ficewa, sai martabar ƙasar ta zube, abin da ke nuna cewa reno ma idan babu abin riƙe wanda aka rena, wasu ne za su ci amfaninsa. Vargas ɗin da na ambata haifaffiyar Kyuba ce. Turkiyya kuwa, ƙasar da mafi yawan mutanenta Musulmi ne, ta bi ta hannun kamfanoni: bankin VakıfBank da kamfanin magunguna na Eczacıbaşı sun daɗe suna zuba kuɗi a ƙungiyoyin mata, hukumar wasan ta buɗe makarantar sakandare tata a Ankara, kuma a 2023 ƙasar ta ci VNL da kofin Turai a shekara ɗaya, ta hau saman jadawalin duniya.

Najeriya tana da rabin wannan tsari. Hukumar Kwastan da ta Sibil Difens da rundunonin soja suna da ƙungiyoyin mata, akwai gasar lig ta ƙasa, akwai kuma Bikin Wasanni na Ƙasa da aka fara a Legas a 1973. Ba a rasa hazaƙa ba, domin a gasar Afirka ta 2021 a Kigali matanmu sun kai wasan kusa da na ƙarshe, suka ƙare a matsayi na huɗu. Abin da ya yi ƙaranci shi ne ƙasan ginin da kuma samansa. A ƙasa, makarantun da ke koyar da wasan tun yarinya tana shekara 11 ko 12 ba su da yawa, don haka da dama suna fara koyon karɓar ƙwallo a shekarun da takwarorinsu na Italiya suka riga suka shiga lig. A sama kuma, al'adar da ta zama ruwan dare a wasanninmu ita ce a kira 'yan wasa sansani makonni kaɗan kafin gasa, a tafi, a dawo, a watse sai wata shekarar. Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya, kuma babu wasan da maganar ta fi dacewa da shi kamar wanda seta da mai duka suke buƙatar shekaru kafin su san numfashin juna.

Wani zai ce ai ga D'Tigress, matan Najeriya a ƙwallon kwando, waɗanda suka ci kofin Afirka sau biyar a jere daga 2017 zuwa 2025, suka kuma kai zagayen 'yan takwas a Paris, kuma yawancinsu a ƙasashen waje suke wasa, me zai hana a kwaikwayi hakan? Shawara ce mai kyau, kuma ina goyon bayan a nemi ɗiyanmu da ke jami'o'in Amurka da ƙungiyoyin Turai tun kafin wata ƙasa ta riga mu. Sai dai tana da iyaka. Dokokin FIVB a kan sauya ƙasa suna da tsauri, kuma gasar Kigali ɗin nan ta ba da darasi: mai masaukin baƙi, Ruwanda, ta sa 'yan wasa huɗu haifaffun Burazil waɗanda ba su cika ƙa'ida ba, Najeriya ta shigar da ƙorafi, aka tsayar da gasar na ɗan lokaci, daga bisani aka fitar da Ruwanda. Ko da takardu sun cika, baƙuwa mai duka tana iya ƙara wa ƙungiya ƙarfi, amma ba za ta maye gurbin masu karɓa da seta da suka taso tare a gida ba.

A nan ne maganar ta iso Sakkwato. Ƙasar da ke neman dogayen 'yan mata goma sha huɗu da za su tsaya gaban Kenya da Masar da Kamaru, amma ta bar yanki mai yawan jama'a kamar Arewa maso Yamma kusan a wajen lissafi, ta rage wa kanta zaɓi da hannunta. Duk wanda ya ga ɗalibai suna fitowa daga makarantun 'yan mata na cikin gari, ko ya ratsa kasuwannin ƙauye wajen Wurno da Gwadabawa da Tambuwal, ya san Allah bai hana mu tsawo ba. Yarinyar da ta taso tana carafke da gaɗa kuma ba baƙuwar haɗa ido da hannu da ƙafa ba ce.

Na san abin da ke zukatan iyaye, kuma ba na raina shi, domin ni ma a cikinsa na tashi. Damuwa ta farko sutura ce. Gajeren wandon da ake gani a talabijin al'adar wasu ƙasashe ce, ba sharaɗin wasan ba ne. Matan Iran suna buga gasannin ƙasa da ƙasa da ɗankwali da dogon hannu da dogon wando. Megawati Hangestri Pertiwi ta Indonesiya ta buga lig ɗin Koriya ta Kudu daga 2023 da kanta a rufe, ta kuma zama ɗaya daga cikin fitattun masu duka a can. Ko a nau'in da ake bugawa a kan rairayi, Doaa Elghobashy ta Masar ta fito a Rio a 2016 a suturce. Damuwa ta biyu cakuɗa ce, kuma a nan wasan ya fi kusan kowane dacewa da mu: raga ta raba ɓangarorin biyu, babu gogayyar jiki, filin kuma ƙarami ne da zai shiga cikin katangar kowace makarantar 'yan mata ba tare da idon waje ya kai ba. Ta uku ita ce aure, kuma gaskiya ne da yawa za su ajiye wasan idan sun gama sakandare, hakan kuma ba asara ba ce, tun da sun samu lafiyar jiki. Wadda ta so ci gaba kuma mijinta ya amince, tana da misali a Foluke Akinradewo, wadda ta haihu a ƙarshen 2019 ta kuma ci zinare a 2021.

Kayan aikin ba su fi ƙarfin makaranta ba: turaku biyu, raga ɗaya, ƙwallaye kaɗan da daɓe mai laushi wanda aka tsince duwatsunsa. Yanayinmu ne ke buƙatar dabara. A watannin Afrilu da Mayu zafi yana haura digiri 40, don haka atisaye sai da sassafe ko bayan la'asar, da ruwan sha a kusa. A hunturu kuma iska tana kwasar ƙwallon, wadda nauyinta bai wuce giram 280 ba, saboda haka filin da gini ya kare shi daga gabas da arewa ya fi na tsakiyar sarari. Gasar ƙasa da ƙasa a rufaffen zaure ake yin ta, kuma duk wadda za ta yi nisa dole wata rana ta saba da daɓen zaure, amma shekarun farko na koyon karɓa da ɗagawa ba sa buƙatar rufi.

Abin da ya fi turaku da raga wahalar samu shi ne malama. Uba a Sakkwato zai fi sakin jiki idan ya san mace ce ke horar da ɗiyarsa, mace ce ke busa usur, mace ce kuma za ta raka su idan za a je gasa Birnin Kebbi ko Gusau ko Kaduna. Wannan ba sabon tunani ba ne a garin da Nana Asma'u ta tsara 'Yan Taru, inda jagorori mata da ake kira jaji suke kai karatu ga mata 'yan uwansu har cikin ƙauyuka. Kwalejin Ilimi ta Shehu Shagari da Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo suna yaye malamai mata duk shekara, kuma idan aka ware wasu daga cikinsu aka ba su horon koci da na alƙalanci na matakin farko, sannan aka kafa gasar da makarantun 'yan mata na jihar za su riƙa haɗuwa kowane zangon karatu, kocin ƙasa zai samu wurin da zai zo ya zauna da littafinsa yana rubuta sunaye. Yarinyar da ta shiga aji ɗaya na ƙaramar sakandare tana shekara 12 za ta yi shekara shida a hannun malama ɗaya tare da abokan wasa ɗaya, ta fito tana da 18, daidai shekarun da ƙungiyoyin Kwastan da Sibil Difens da na soja za su iya ɗaukarta su ci gaba da renonta.